Makirfo mai cirewa a jikin hedifon: kebul mai makirfo a wuya, na maganaɗisu, ko a huda a dasa jak?

Kafin ka tambayi kuɗin kowane makirfo, ɗauko hedifon ɗin naka ka juya shi, ka dubi inda kebul ya shiga. In kebul ɗin yana zarewa ya bar ɗan rami irin na jikin waya, ka huta da rabin wahala. In kuwa a dashe yake ba ya fita, sai ka sake dubawa: ta kunne ɗaya ya shiga, ko ya rabu biyu ya shiga kowane kunne? Abin da ka gani a nan shi zai zaɓa maka hanya, kafin ma a zo maganar abin da ke aljihunka.

Masu neman wannan abu sun yi yawa yanzu a garuruwanmu. Akwai malamin Islamiyya da ke naɗar karatu yana tura wa ɗalibai ta WhatsApp, akwai ɗalibin NOUN da ke shiga darasi ta Zoom daga Ringim ko Ɓaɓura ko Sumaila, ga masu aika rahoto gidajen rediyo, ga kuma samarin PUBG da Free Fire da ke son abokan wasa su ji su sarai. Da yawansu sun riga sun mallaki hedifon mai daɗin sauti, ɗan gwanjo da aka tsinto a Beirut Road ko Farm Centre a Kano, sai dai ba shi da makirfo, ko kuma wanda ke jikinsa bai da amfani. Son mai cirewa kuwa ba gayu ba ne. Makirfon da ke maƙale kullum shi ke fara karyewa a cikin jaka a kan babur, shi yara ke ja, shi kuma ƙurar hunturu ke toshewa. Wanda ake cirewa a sa a ɗan gwangwani idan an gama ya fi daɗewa, in ya mutu kuma shi kaɗai za a canza.

Duk wannan ɗawainiya saboda tazara ake yinta. Ƙarfin murya yana raguwa da nisa: duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakanin bakinka da makirfo, ƙarfin da ke isa gare shi yana faɗuwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Makirfon da ke yatsa biyu daga gefen baki, wato santimita 2 zuwa 3, da wanda aka maƙala a wuyan riga a wajen santimita 20, bambancinsu ya kusa desibel 20. Injin niƙan maƙwabta kuwa, da janaretan mai cajin waya, da akuyar da ke kuka a bayan katanga, duk ƙarfinsu ɗaya suke isa ga makirfon biyu. Na kusa da baki muryarka ce ke danne su. Na wuyan riga sai waya ta ƙara masa ƙarfi kafin a ji ka, tana ƙarawa kuma har da akuyar.

Shi ya sa nake fara cire ɗan makirfon maƙalawa a riga daga wannan gasa, irin su Boya BY-M1 mai kebul mita 6 da ya cika kasuwa. Abu ne mai kyau ga mai ɗaukar bidiyo a ɗaki shiru. Amma yana jin sauti ta kowane ɓangare, kuma shadda mai sitati ko hijabi in suka goge shi, kwaram-kwaram ɗin ya fi maganar fitowa. Sannan na asalin yana cinye ramin wayar shi kaɗai, babu inda za ka soka hedifon ka ji mai magana da kai. Makirfon da ke cikin hedifon mai Bluetooth shi ma bai tsira ba. A kunne yake zaune, nesa da baki, kuma da zarar ya buɗe, hedifon ɗin yana barin tsarin kiɗa ya koma tsarin kiran waya, sauti ya dawo layi ɗaya siriri. Wanda ya taɓa shiga taron Zoom da shi ya ji muryoyi sun dushe farat ɗaya ya san abin da nake faɗa.

Dole a tsaya kaɗan a kan filogi, don a nan yawancin kuɗi ke salwanta. Ɗauki kan filogin milimita 3.5 ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Zobe biyu na nufin gida uku: hagu, dama, da ƙasa (wayar da wutar ke bi ta koma), wato kunne kawai babu makirfo. Zobe uku na nufin gida huɗu, na huɗun na makirfo ne. Waya da sababbin laftof rami ɗaya gare su mai gida huɗu. Kwamfutar tebur da tsofaffin laftof rami biyu ne, kore na kunne, ruwan hoda na makirfo. Su masu gida huɗun ma iri biyu ne. A tsarin CTIA, wanda kusan duk wayoyin yanzu ke bi, jerin daga tsini shi ne hagu, dama, ƙasa, makirfo. A tsohon tsarin OMTP na wasu wayoyin Nokia na da, an musanya na ukun da na huɗun. In ka soka hedifon ka ji waƙa kamar daga nesa, muryar mawaƙi ta ɓace, sai ka danne maɓallin kebul sauti ya dawo daidai, to ba lalacewa ba ce, tsarin ne bai zo ɗaya ba. Makirfon da ake amfani da shi a duk waɗannan kayan ƙarami ne da ke shan 'yar wuta, wajen bolt 2 zuwa 3, daga wayar ko kwamfutar ta cikin wannan gida na huɗu, don haka ba ya neman batir nasa.

To, mu koma ga wanda hedifonsa ke da rami. Maganinsa kebul ne mai makirfo a wuya: a ƙarshen da ke shiga kunnen hedifon an haɗa wani siririn wuya mai lanƙwasuwa da makirfo a kansa. Ka zare tsohon kebul, ka soka wannan, ka lanƙwaso wuyan zuwa gefen baki, shi ke nan. Wanda ya yi suna shi ne BoomPro na kamfanin V-MODA, ana sayar da shi wajen dala 30 a Amurka, yana da maɓallin kashe makirfo da na rage ƙara a tsakiya, kuma yana zuwa da ɗan kebul mai reshe biyu don kwamfuta mai rami biyu. Akwai kwaikwayonsa marasa suna birjik a intanet a ƙasa da wannan kuɗi sosai, wasu na aiki lafiya lau, wasu maɓallin rage ƙararsu na fara ƙarce-ƙarce bayan ƙura ta shiga.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, hedifon ɗin Bluetooth masu araha irin su P47 da ke rataye a kowane shagon caji, yawancinsu suna da wannan rami na AUX. In ka soka musu kebul mai wuya sun zama na kira mai kyau, ba ruwansu da caji, ba ruwansu da dushewar Bluetooth. Ga mutumin ƙauyen da wuta ke kwana biyu ba ta leƙo ba, wannan kaɗai ya isa dalili.

Inda ake tuntuɓe shi ne girman ramin da zurfinsa. Philips SHP9500 ya yi fice da wannan kebul saboda raminsa milimita 3.5 ne a sarari, ba kulle. Audio-Technica ATH-M40x da M50x kuwa raminsu milimita 2.5 ne mai murɗawa ya kulle, BoomPro ba ya shiga sai da adafta, adaftar kuma tana sa wuyan ya riƙa lilo. Wasu hedifon ramin nasu ya nutse can ciki, robar filogin ta tokare kafin ya kai ƙarshe, sai kunne ɗaya ya yi ta ɗaukewa. Waɗanda kebul ke shiga kunne biyu, irin su Sennheiser HD 600, wannan hanya ba tasu ba ce. Aibi na biyu: makirfon da kebul ɗin abu ɗaya ne. In za ka cire makirfo, sai ka cire kebul gaba ɗaya ka mayar da tsohon, don haka kada ka yar da shi. Na uku, nauyin wuyan duka a kan ramin yake. A hedifon mai araha da aka liƙa raminsa a kan siririn allo, yawan lanƙwasa wuya yana iya tsinka dalmar a hankali. Ka saba riƙe gindin filogin da hannu ɗaya kana lanƙwasawa da ɗayan.

Hanya ta biyu ba ta tambayar ko akwai rami. Makirfo ne mai maganaɗisu, wanda ModMic na kamfanin Antlion Audio da ke Amurka ya shahara da shi. Ana liƙa wani ɗan faifai mai gam a bayan kunnen hedifon, wuyan makirfon kuma yana da nasa maganaɗisun, ka kusanto shi ya kama ƙam, ka ja ya fita. Ba huda, ba dalma, kuma yana hawa kusan kowane hedifon mai ɗan fili a bayan kunne. A nan ne cirewar take cirewa ta gaskiya, cikin daƙiƙa ɗaya. Ingancin muryarsa ma ba a magana. Samfurin Uni yana sauraron gabansa ne ya rage na baya da na gefe, na USB yana da maɓallin zaɓa tsakanin wannan da mai jin ko'ina, akwai kuma marar kebul da ya haura dala 100. Uni ɗin kansa yana wajen dala 50.

Duk da haka ba na gaggawar cewa mutumin Gumel ko Haɗeja ya saye shi. Kuɗin na bin dala, kuma sau da yawa zai fi kuɗin hedifon ɗin da za a liƙa masa. Ba a samunsa a shagunan kusa, sai an yi oda, an karɓa a Kano ko Dutse, an ba direban tasha ya kawo. Sai maganar gam. A watannin Afrilu da Mayu zafi a wannan yanki yana haura digiri 40, cikin ɗakin kwano da azahar kuwa ya fi haka. Gam mai fuska biyu in ya sha irin wannan zafi yana laushi, faifan ya fara zamewa, ƙura ta bi gefensa ta shige, wata rana ka ja makirfo ya taho da gindinsa. Ana iya rage wannan: a goge wurin da sifirit ya bushe tukuna, a danna sosai, a bar shi kwana guda kafin a rataya komai. Kamfanin yana haɗowa da faifan gam na canji, amma in ya ƙare ka koma neman oda. Wanda ya gaji ya zuba masa Araldite ya huta da zamewa, ya kuma rabu da damar cire faifan har abada.

Babban abin da ke gajiyar da mai shi shi ne kebul biyu. Na hedifon daban, na makirfo daban, suna saukowa tare suna harɗewa, sai an bi su da 'yan maƙalai ko an naɗe su wuri ɗaya. A kan teburin kwamfuta mai rami biyu wannan ba komai ba ne. A waya kuwa sai ka ƙara sayen adaftar da ke haɗa filogi biyu su zama ɗaya mai gida huɗu, ga mahaɗa uku na reto a bakin wayar da ke aljihun gaban riga. Kowace mahaɗa wurin shigar ƙura ce da gumi. Sannan shi mai sauraron gaba kawai yana da halinsa: ya fi jin iska. A gindin darbejiya da iskar hunturu, ko a gaban fanka, bubbugar da yake ɗauka ta fi ta mai jin ko'ina. Ba a raba shi da sosonsa, kuma a gefen baki ake ajiye shi, ba a saitin leɓe ba, in ba haka ba kowane "ba" da "fa" sai ya fito da fashewa.

A ganina na maganaɗisu na mai hedifon mai tsada ne da ba ya son a taɓa masa shi da ƙarfe, kuma aikinsa a zaune yake wuri ɗaya, kamar mai karanta labarai ko mai fassara a gaban kwamfuta.

Hanya ta uku ita ce ta masu kebul a dashe, kuma ita na fi son a daɗe a kanta, don ita ce aikin da ake iya yi a nan gida. A buɗe kunnen da kebul ya shiga, yawanci na hagu, a cire kebul ɗin, a dasa jak, wato ramin soka filogi, mai milimita 3.5 a gurbinsa, irin mai zare da noti da ake ɗaurewa a jikin akwatin rediyo. Daga nan hedifon ya koma sahun masu rami, sai a soka masa kebul mai wuya. Ribar biyu ce. Ka samu makirfo, ka kuma rabu da ciwon da ke kashe mafi yawan hedifon, wato tsinkewar kebul a gindin filogi. Gobe in kebul ya mutu, sabo za ka saya ka soka, ba sai an sake farke komai ba. Jak ɗin kansa ba shi da tsada, ana samunsa wurin masu kayan gyaran rediyo a Sabon Gari.

In kebul ta kunne ɗaya ya shiga, irin na Sony MDR-7506 ko Audio-Technica M20x, aikin mai sauƙi ne, don wayar da ke kai sauti ɗaya kunnen ta riga ta bi ta cikin bakan da ke saman kai. In ta kunne biyu ne, irin na Sony MDR-ZX110, sai an ja sabuwar siririyar waya ta saman kai daga wannan kunne zuwa wancan, kuma a hedifon mai naɗewa wannan waya ba ta daɗewa a gaɓoɓin. Irin wannan ban cika ba da shawarar a taɓa shi ba.

Ga yadda cikin yake in an buɗe. Ka zare soson kunne, za ka ga 'yan sukurori uku ko huɗu. Kana kwancewa farantin da lasifikar ke jiki zai ɗago, amma kada a ja shi da nisa, wayoyin gajeru ne. A ɗauki hoto da waya kafin a taɓa komai. A bayan lasifikar akwai ɗan allo mai ɗigon dalma, daga nan wasu wayoyi biyu da ba su kai kaurin gashi ba suka shige ciki. In ƙarfen dalma ya daɗe a kan ɗigon nan suka saki, lasifikar ta tafi ke nan, garin neman gira an rasa ido. Don haka dabarar da ta fi aminci ita ce kada a je kusa da allon sam. A yanke tsohon kebul a bar masa wutsiya kamar tsawon yatsa a ciki, a liƙa wutsiyar a ƙafafun jak. Wayoyin nan masu launi fenti ne a jikinsu, ba a kankare su da reza, tsinkewa suke yi. Ana tsoma bakin kowace a ɗigon dalma mai zafi har fentin ya ƙone ta yi fari. Yawanci ja ce dama, kore ko shuɗiya hagu, mai launin tagulla ƙasa, amma kamfanoni na saɓawa, don haka a gwada: a taɓa waya biyu a kan batirin tocila mai bolt 1.5 na ɗan lokaci kaɗan, kunnen da ya yi ƙas shi ne nasu. A jikin jak, ƙafar tsini ta hagu ce, ta tsakiya ta dama, ta gindi ƙasa, mitar gwajin wuta ta mai gyara za ta nuna wace ce wace.

Ramin da jak ke buƙata wajen milimita 6 ne, sau da yawa faɗaɗa na tsohon kebul kawai za a yi. A rufe lasifika da tsumma lokacin huda, don maganaɗisunta na jawo ɓurɓushin ƙarfe, yana ma fizgar bakin sukundireba ya huda fatar lasifikar. Kafin a huda kuma a gwada ajiye jak ɗin a rufe farantin a ga ko akwai wuri, domin wasu kunnuwan ba su da zurfi. In an gama a toshe gefen da ɗan gam, iska in tana fita ta nan, kaurin sautin yana raguwa.

Wa zai yi? Tsohon mai gyaran rediyo na kasuwar mako, ko ta Maigatari ce ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a, ya san jak da lasifika fiye da yaro mai canza sikirin. Mai gyaran waya kuma ya fi shi siririn ƙarfen dalma da sanyin hannu. Wanda duk ka zaɓa, dubi ƙarfensa. In irin wanda ake ɗorawa a garwashi ne mai kai kamar na guduma, ya dace da tsohuwar rediyo, bai dace da wannan ba. Kuma ka yi masa bayani da ladabi tun farko, kada ka bari ya buɗe tukuna: "Baba, don Allah jak nake so a dasa mini a gurbin kebul ɗin nan. A bar wutsiyar tsohon a liƙa a kanta, kada wuta ta taɓa bayan sifikar." Mai sana'a in ya ga ka san abin da kake so, ya fi kula.

Akwai wani reshe na wannan hanya ga mai son ya riƙa cire wuyan kaɗai ya bar kebul. Ana sa wa hedifon kebul mai waya huɗu da filogi mai zobe uku, sannan a dasa ɗan jak a gaban kunnen hagu don makirfo kawai, a soka masa irin wuyan da ake sayarwa a matsayin canji na hedifon 'yan wasan kwamfuta. Ya fi kyan gani, ya kuma fi wuyar yi. Matsalarsa amsa-kuwwa ce. In makirfo da lasifiku suka yi tarayya a siririyar wayar ƙasa guda mai tsawo, kaɗan daga sautin da ke zuwa kunnenka yana zubowa cikin layin makirfo, sai mai magana da kai ya riƙa jin muryarsa tana dawo masa. Maganin shi ne makirfo ya samu tasa wayar ƙasa har zuwa filogi, wato kebul mai waya biyar. Kebul mai wuya marar inganci ma yana da wannan ciwo, kuma yana tsananta in ka ƙure ƙara.

Masu hannu suna haɗa nasu na maganaɗisu da kayan bola: makirfon tsohon iyafis, guntun wayar wutar gida mai kauri a matsayin wuya, maganaɗisu daga mataccen had-dis (ma'ajiyar bayanai) ɗin kwamfuta, soso daga tsohuwar katifa. Yana aiki, muryarsa dai ta iyafis ce da aka matso da ita bakin, wanda hakan ma ci gaba ne. A bar ɗan allon makirfon yadda yake da maɓallinsa, kada a ɓalle shi.

Sayen sabon hedifon da aka ƙera da makirfo mai cirewa, irin HyperX Cloud II, hanya ce ga wanda bai da komai a hannu kuma yana da kuɗi. Manya-manyan nan masu fitilu ja da shuɗi da ake cewa na wasa, kuɗinsu a fitilun ya ƙare. Wanda kuma saƙon murya kawai yake turawa jefi-jefi, iyafis ɗin Oraimo da ya riƙo makirfonsa kusa da baki ya ishe shi, WhatsApp na matse sauti ya rage nauyinsa ta yadda fifikon makirfon dala 50 ba zai fito duka ba.

Akwai ƙararrakin da babu ɗaya cikin hanyoyin nan da ke maganinsu, kuma a kan ɗora wa makirfo laifinsu a banza. In sabis ya faɗo zuwa 2G, wanda a ƙauyukanmu abin yau da gobe ne, wayar tana aika saƙonta a guntu-guntu sau 217 a daƙiƙa, doguwar wayar makirfo marar rufi kuma tana kama wannan, shi ne dit-dit-dirr ɗin da kake ji a cikin naɗi. In karatu kake naɗa ba kira ba, sa wayar a yanayin jirgi. Gurnanin da ke bin murya lokacin da waya ko laftof ke caji a janareta ko da caja marar kyau, daga wutar yake. Zare cajar, ko ka koma kan fawa bank. Laftof da ke shuuu ko da wane makirfo, ɗan katin sauti na USB mai rami biyu yana gyara shi da kuɗi kaɗan. In kuma wayarka ta fara tsayar da karatu da kanta ko tana buɗe mataimakin Google ba ka taɓa ba, gumi ne ko datti ya haɗa gidan makirfo da na ƙasa a filogi, wayar ta ɗauka maɓalli ka danna. Goge shi da sifirit.

Mai Tecno ko Infinix ko itel yawanci yana da raminsa na 3.5 har yanzu. Apple ya cire shi tun iPhone 7 a 2016, manyan wayoyin Samsung na baya-bayan nan ma babu, sai da adafta. Adaftar USB-C iri biyu ce: mai ɗan injin sauti a ciki, da fanko wadda waya ce kawai aka ja. Fankon ba ta aiki a wayoyi da yawa, wata kuma tana ba da kunne ta hana makirfo.

In an tattara, mai rami ya sayi kebul mai wuya ya wuce wurin, ko da P47 ne. Mai kebul a dashe ta kunne ɗaya, wanda sautin hedifonsa ya cancanci wahalar, ya dasa jak, ni wannan na fi yarda da shi a yanayinmu, don babu gam da zafi zai narkar, kebul ɗaya ne, kuma duk abin da ya lalace ana samun madadinsa a Kano. Mai kunne biyu ko mai tsadar da ba a hudawa shi ne na maganaɗisu. A tuna da soson kunne ma: na fata yana tare hayaniya amma yana jiƙa kunne sharkaf a bazara, buɗaɗɗe mai yadi irin SHP9500 ya fi sanyi, sai dai hayaniyar gida na shiga, sautinsa kuma na fita har makirfo ya ɗan kama in ka ƙure.

Ranar saye ka tafi da hedifon ɗin da wayar da za ka yi aiki da ita, kada ka aiki yaro da kwatance. Soka a gaban mai shago, ka tabbatar filogin ya shige har gindi. Naɗi saƙon murya, kana cikin magana ka ɗan ƙwanƙwasa kan makirfon da farce. In ƙwanƙwasar ba ta fito da ƙarfi a naɗin ba, makirfon jikin wayar ne ke aiki, ba wanda ka soka ba. Sannan ka kira wani, ka ƙure ƙara, ka tambaye shi ko yana jin muryarsa na dawowa, kana yi kana murza filogin a hankali ka ji ko zai yi ƙarce.